Jak ɗin kamfani bai shiga ba: muhawara kan motar da aka sauke ƙasa

Mai Civic:
Salamu alaikum jama'a. Jiya da daddare na ga ta kaina. Kun san watan jiya na canza wa Civic ɗina sifirin, aka sauke ta ƙasa kamar yatsu uku, na sa mata rim 17. To wajen ƙarfe goma ina dawowa daga Samaru, ina gangarowa daga gadar Kwangila ta nan Zariya ke nan, tayar gaba ta hagu ta sace. Na gangara gefe, na fito da jak ɗin da ya zo da motar, irin na murɗawar nan, na naɗe shi har ƙarshe na tura. Ya ƙi shiga. Kansa na dukan gefen motar, abin da ya rage bai wuce faɗin yatsa ba. Ga tireloli suna wucewa ta bayana, iskarsu na kaɗa mini riga. Sai da wasu masu Keke Napep biyu suka tsaya suka ɗaga mini gefen da hannu, sannan na cusa shi. Allah ya saka musu. Ni dai na yanke hukunci: jak ɗin kamfani ba shi da amfanin komai ga motar da aka sauke. Gobe zan shiga Sabon Gari in sayi na kwalba, wanda ake bugawa mai siffar kwalba, mai ton 5 in huta. Mai ja ya faɗa.

Direban Kano:
Wa alaikumus salam. Allah ya tsare gaba. Ƙanena, yanzu ka yi magana. Na fi shekara goma ina jigila tsakanin Zariya da Kano, jak ɗin kwalba ne a ƙarƙashin kujerata, bai taɓa ba ni kunya ba. Bugu goma mota ta tashi da fasinja da kayansu. Wancan na murɗawar kuwa sai ka yi gumi kamar mai daka.

Oga Bakanike:
Direba, wace mota kake ja?

Direban Kano:
Bas mana, Oga. Ka san ta ai.

Oga Bakanike:
To bas ɗinka yaro zai iya rarrafawa ƙarƙashinta ya fito ta wancan gefen. Civic ɗin yaron nan ko kyanwa sai ta sunkuya. Mai Civic, kafin ka kai kuɗinka kasuwa ka saurare ni. Jak ɗin da ya ƙi shiga jiya, idan ka naɗe shi ƙarshe, tsayinsa wajen santimita 10 ne. Na kwalba mai ton 2 ma, a zaune ba a buga shi ba, ya kai 18. Mai ton 5 ɗin da kake so ya kai 20 ko fiye. Gajere ya ƙi shiga, za ka sayo dogo. Ina za ka sa shi? Sai dai ka haƙa masa rami.

Mai Civic:
Kai! Oga, wallahi ban yi wannan lissafin ba. Ni ƙarfin kawai na duba.

Injiniya:
Kuma ƙarfin ma ba shi ne matsalarka ba. Motarka duka, da mai da komai, ba za ta wuce kilo 1,300 da ɗan wani abu ba. Gaba ya fi nauyi saboda inji, amma ko a hakan, in ka ɗaga kusurwa ɗaya, abin da ke kan jak bai kai rabin motar ba. Mai ton ɗaya da rabi ya ishe ka har da ragi. Ton 5 na masu tipa ne.

Abin da mutane ke mantawa shi ne mota tana sauka sau biyu. Ta farko kai ka sauke ta da sifirin. Ta biyu faci ne ya sauke ta. Duba rubutun jikin tayarka, ina jin 215/45 ce. Wannan 45 ɗin na nufin tsayin gefen tayar kashi 45 cikin ɗari ne na faɗinta, wato milimita 97, kusan santimita 10. Iska na fita, mafi yawan wannan ya tafi, roba kawai ta rage a naɗe ƙarƙashin rim. Shi ya sa wanda ya gwada jak a gida taya cike da iska zai ga ya shiga lafiya lau, ranar da faci ya same shi a hanya sai ya ga wani abu daban.

Mai Faci:
Ku masu boko kun iya tsawaita magana. Ni a bakin titi nake tun safe har dare, motocin samarin nan kullum sai sun zo mini. Maganin abin katako ne. Ina da wani guntu, tsawonsa kamu ɗaya, kaurinsa inci biyu, kafinta ya fere mini bakinsa ɗaya ya yi gangare. In mota ta zo cikinta na jan ƙasa, sai in ajiye shi gaban tayar da ta sace, in ce wa mai ita taka a hankali. Tana hawa sai in ɗaga hannu ya tsaya, ya ja birkin hannu. Shi ke nan, gefen ya tashi, jak ya shige kamar an gwada. Katakon nan har ya yi baƙi don man inji, gefensa ya tsage na ɗaure da waya, amma ko dubu biyar aka ba ni ba zan sayar ba.

Mai Civic:
Hawa katako da taya a sace ba zai ɓata rim ba?

Mai Faci:
Tafiyar taku ɗaya? Abin da ke ɓata rim shi ne ka ja ta a sace daga Kwangila har PZ kana neman mai faci.

Injiniya:
Katako dabara ce, ban musa ba. Amma dabara ce ta wanda bai da kayan aiki. Akwai jak ɗin da aka yi musamman don irin wannan motar: mai tayoyi, mai siririn baki, wanda kansa ke sauka har santimita 8, wani ma 7 da rabi. A kula, ba kowane mai tayoyi ba. Ƙananan nan da ke zuwa cikin akwatin roba suna farawa ne daga wajen 13, su ma ba za su shiga ba. Ni ra'ayina, wanda ya iya kashe kuɗin sifirin da rim 17, ya ƙara ya sayi mai siririn bakin. A nan na yarda da Mai Civic: na kamfani an yi shi ne don motar yadda ta fito daga kamfani. Ka canza motar, ka canza jak.

Oga Bakanike:
Injiniya, da girmanka, a nan zan ja da kai. Irin wanda kake faɗa ina da shi a gareji, ina kuma son sa, amma a kan siminti. Ka taɓa tsugunawa ka kalle shi yana aiki? Hannunsa mai ɗaga motar ba miƙe yake tashi ba, yana tashi yana komawa baya. Shi ya sa aka sa masa tayoyi: yayin da kake bugawa, jikinsa yana gangarawa ciki kaɗan-kaɗan don kan ya zauna a inda yake. In tayoyin suka nutse a yashi ko jar ƙasar damina, ba za su gangara ba, sai ya riƙa janyo motar, ko kan ya zame daga mazauninsa. Yanzu gaya mini, daga Dogarawa zuwa Basawa, ko hanyar Shika, gefen titi nawa ne ke da siminti? Kwalta ma da rana tsaka a watan Afrilu laushi take yi, ƙananan tayoyin ƙarfen nan shiga suke. Faci kuwa ba ya tambayarka inda kake so ya same ka.

Hajiya Mai Corolla:
Ni tambayata ɗaya. Wannan mai tayoyin nauyinsa nawa?

Injiniya:
Na ƙarfe babba yakan kai kilo 30. Akwai na alminiyom mai ton ɗaya da rabi, wajen rabin haka, sai dai ya fi tsada.

Hajiya Mai Corolla:
To Injiniya, kilo 30 ai ya fi rabin buhun shinkafa. Wa zai fito mini da shi daga but, ya mayar? Kuma in ya zauna a ciki, ina zan sa cefane? Ni motata ba a sauke ta ba, Allah ya kiyaye, amma ƙanena ya yi wa tasa, kuma ni yake kira in ya maƙale. Na ga ana tallar wani mai aiki da batirin mota, ka danna ya tashi da kansa. Shi fa?

Oga Bakanike:
Hajiya, ranki ya daɗe, waɗanda suka taɓa zuwa hannuna duk sun fi na kamfani tsayi a zaune, saboda injin da ke jikinsu. Ga Corolla ɗinki zai yi. Ga ta ƙanenki, matsalar tana nan inda take.

Direban Kano:
Kun taru kun yi wa kwalba rubdugu. Akwai fa gajerensa, na gani a Ƙofar Ruwa a Kano, ɗan dunƙule haka.

Injiniya:
Akwai. Amma gajeren kwalba gajeren tashi gare shi, sandar cikinsa ba ta da tsawo. Jak aiki biyu ake so ya yi: ya shiga lokacin da taya take a sace, ya kuma ɗaga har mai cike da iska ta samu wurin shiga. Ga shi kana ɗaga jikin mota, shokabsoba na sakin ƙafar tana bin ƙasa, sai ka yi nisa kafin taya ta bar ƙasa. Da gajeren za ka cire mai facin, ka ɗauko safaya, ka ga ramukan noti ba su kai ba.

Oga Bakanike:
Ƙara da wannan. Mai Civic, leƙa ƙarƙashin ƙofarka, bayan tayar gaba kaɗan. Za ka ga wani siririn ƙarfe ya bi tsawon motar kamar haƙarƙari, da ɗan yanka biyu a jikinsa. Tsakaninsu ne mazaunin jak, nan aka ƙarfafa. Kan jak ɗin kamfani an ƙera shi ne daidai da wurin. Kan kwalba kuwa ɗan zagaye ne kamar kwabo, ka ɗora nauyin mota a kansa sai ya lanƙwasa ƙarfen, fenti ya fashe, damina ta zo tsatsa ta kama. Motoci nawa na gani haka. Ko mai tayoyin ne sai ka sa masa robar da ke da tsaga. Don haka ni maganata: kada ka jefar da na kamfani. Ka haɗa shi da katakon Mai Faci, da wani falle mai faɗi marar kauri da za ka shimfiɗa masa in ƙasa ta yi laushi.

Mai Civic:
Ko bulo zai iya maye gurbin katakon? Akwai su zube a gidanmu.

Oga Bakanike:
A'a! Kada ka kuskura. Ina yaron gareji, maigidana ya ɗora wata mota a kan bulo biyu, ya ce in shiga in kwance bututun hayaƙi. Na shiga na fito ɗauko sifana, ban kai ga akwatin kaya ba na ji ƙas, kamar an taka biskit. Na waiwaya, bulon ya zama gari, motar ta zauna daidai inda ƙirjina yake. Ranar ko abinci ban ci ba. Bulo ba ya gargaɗi, katako kuwa sai ya yi ƙara kafin ya karye. Kuma kowane irin jak ne, ɗagawa ce aikinsa. In za ka sa ko da hannu ne a ƙarƙashi, sai an ɗora motar a kan ƙafar ƙarfe. A hanya kuwa, tura safaya ƙarƙashin gefen kafin ka cire taya, in ka cire ka musanya ta da wadda ka cire.

Mai Faci:
Ku kuma riƙa sassauta noti tun taya tana ƙasa. Sai mutum ya ɗaga mota sama sannan ya hau kan sifana yana tsalle, jak na rawa. A sa giya, a ja birkin hannu, a tokare tayar baya ta ɗaya gefen da dutse.

Injiniya:
Tunda ka kawo maganar tsalle, Mai Faci, ku ma ku daina ɗaure mana noti da dogon bututu. Civic awon ɗaurinta 108 ne a ma'aunin ɗauri na Nm, Corolla 103. Ƙarfin hannu da sifanar mota ya kai nan.

Mai Faci:
In na ɗaure da sauƙi ku ce ban iya aiki ba. Naku wasa ne.

Baba Alhaji:
Tun ɗazu nake karanta ku. Yaro, wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Mutanen da suka ƙera motar nan sun ba ta tsayinta, ka zo ka rage, yanzu kana neman jak, kana neman katako, gobe za ka nemi bamba. A garin da kowace unguwa ta zuba tudun rage gudu yadda ta ga dama, damina kuma ta zo ta yanka layuka. Ina ganinku kuna hawa tudu a karkace kamar kaguwa, layin motoci a bayanku. Mayar da sifirin ɗinka na asali, jak ɗinka zai shiga.

Mai Civic:
Baba, Allah ya ƙara girma, amma wannan kam a yi mini afuwa. Ba ka ga yadda take zama a kwana ba.

Na fita tsakar gida yanzu na gwada. Na sace iskar tayar gaba gaba ɗaya, na sa tef ɗin tela na mamanmu daga ƙasa zuwa wurin yankan nan biyu da Oga ya faɗa: santimita 9. Jak ɗin a naɗe 10 da ɗigo. Na samo guntun katako a bayan kicin na hau, ya koma 13, ya shige har da sarari. Kwalba dai na fasa. Amma na kamfanin nan har yanzu raina bai kwanta da shi ba, gindinsa ƙarami ne, jiya ina murɗawa yana karkata. Zan tara kuɗi in sayi mai siririn bakin in ajiye a gida.

Injiniya:
Ka tafi da tef ɗin kasuwa. Kada ka yarda da abin da aka rubuta a kwali, ka sauke kan ka auna da kanka.

Direban Kano:
Ni dai kwalbata tana nan. Ranar da katakonku ya tsage a Kwanar Dangora ku kira ni.

Mai Faci:
Yanzu da ka sace iskar, da me za ka hura?

Mai Civic:
Innalillahi. Mai Faci, kana da yaron da zai zo Hanwa da famfo?

Baba Alhaji:
In an hura, ranar Juma'a da za ka zo gaishe ni Tudun Wada ka bar ta a bakin titi. Layinmu ba zai shigu da ita ba.