Wai da gaske da ƙuda ake binciken ciwon hanjin mutum?

Maman_Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah masu ilimin kimiyya a cikinku ku taimaka min. Ƙanina yana digiri na biyu, ya ce min aikinsa kan ciwon hanji ne amma wai da ƙananan ƙudajen nan masu taruwa kan ruɓaɓɓiyar ayaba zai yi gwajin. Abin ya ɗaure min kai wallahi, kuma mahaifiyarmu ta daɗe tana fama da ciki shi ya sa nake so karatun nasa ya zama mai amfani. Ina haɗin hanjin ƙuda da na mutum?

Abu_Sadiq:
Wa alaikumussalam Hajiya, kwantar da hankalinki, ƙaninki yana kan hanya. Ƙudan nan Drosophila ake ce masa, tun 1910 Thomas Hunt Morgan yake aiki da shi a jami'ar Columbia a Amurka har ya samu kyautar Nobel a 1933. Kusan kashi 75 cikin ɗari na kwayoyin gadon da aka san suna da hannu a cututtukan mutum akwai makamancinsu a jikinsa. Hanjin nasa ma yana narka abinci, yana tsotsewa, har da wani ɗan yanki mai tsami kamar tumbinmu, kuma a 2006 aka gano yana da kwayoyin da ke sabunta bangon hanji in ya lalace kamar dai namu, to daga nan ne masu bincike suka yi ca a kansa. Ga sauri, cikin kwana goma kwai ya zama babban ƙuda, a 'yar kwalba ake kiwonsu da garin masara da yis, kuɗin da za ki kashe kan ɓeraye kaɗan sai ki kiwata dubbai.
Gwajin da ya fi burge ni shi ne na shuɗin launi. Sai a zuba launin a abincinsu, ƙuda mai lafiyayyen hanji layi ɗaya kawai za ki ga shuɗin a cikinsa, wanda bangon hanjinsa ya fara yoyo kuwa gaba ɗaya jikinsa yake komawa shuɗi har kai da ƙafafu, kuma irin waɗannan ba sa daɗewa suke mutuwa. Da idonki kike ganin ciwon.

Nas_Hauwa:
Gaskiya ne Malam amma a faɗa mata ɗaya gefen ma. Ƙuda ba shi da irin garkuwar jikin nan mai tuna cuta wadda rigakafi yake aiki da ita, kuma cututtukan kumburin hanji masu daɗewa akwai hannun wannan garkuwar sosai a cikinsu. Sannan bakteriyar cikinsa 'yan nau'i kaɗan ne, mu kuwa ɗaruruwa. Saboda haka duk maganin da ya yi wa ƙuda aiki sai an bi ta ɓera an zo kan mutane kafin a ce komai. Hajiya ita Mama kada a jira wani bincike, a kai ta wajen likitan ciki a duba ta da kyau, musamman in akwai jini a bahaya ko tana ramewa. Allah ya ba ta lafiya.

Abu_Sadiq:
Haka ne Anti, tankaɗe na farko kenan ake yi da shi. Amma an taɓa kaiwa har kan mara lafiya fa, a asibitin Mount Sinai na New York sun ɗauki sauye-sauyen gadon da ke cikin kansar hanjin wani mutum suka saka a hanjin ƙudaje, suka yi ta gwada magunguna har suka dace da haɗin wani maganin ciwon daji da wani na ƙashi, aka ba mutumin, ƙarin kansar ya ragu na wasu watanni. An wallafa a 2019. Mutum ɗaya ne dai. Kwalara ma ana ciyar da ƙudan kwayar cutar a ga yadda take taɓa hanji, mu da damina ba ta wucewa ba a yi amai da gudawa ba ai wannan namu ne. A Ibadan ma akwai cibiyar da ke koyar da aiki da shi.

Maman_Ilham:
Amin Anti na gode, Malam Allah ya ƙara basira. Maganar ramewar nan kam akwai ta, insha Allahu zan yi wa yayanmu magana a kai ta cikin satin nan. Wane gwaji ne likitan zai fara sa wa a yi mata?