Ranar da muka fara gwada sabon harsashi a farauta

Mafarauci daga Yauri:
Assalamu alaikum. Na yi shekara 18 ina farauta da bindigar toka da na gada wajen mahaifina, sai bara na samu lasisin bindiga mai lamba 12 (lambar faɗin bututunta ke nan), ƙirar Baikal mai baki ɗaya. Ranar farko a bakin kogi na harbi agwagin ruwa, kuma abin da ya fi ba ni mamaki shi ne rashin hayaƙi, domin da bindigar toka sai hayaƙin ya washe kafin mutum ya ga abin da ya faɗi. Shurinta kuwa ya bar mini shaida a kafaɗa har kwana uku. Ina roƙon waɗanda suka riga ni su faɗa mana abin da suka gani.

Dattijo daga Argungu:
Wa alaikumus salam, ɗana. Abin da zan fara ja maka kunne a kai shi ne tsawon harsashi. Ka duba jikin bututun, za ka ga an buga 12/70 ko 12/76, 70 ko 76 ɗin shi ne tsawon kwanson a milimita, wanda ɗakin harsashin zai ɗauka bayan kwanson ya buɗe. Harsashi mai tsawon 76 yana shiga bindigar 70 lafiya lau, ka rufe ta ba tare da wata gardama ba, kuma nan ne haɗarin yake, domin bakin kwanson ba ya samun wurin buɗewa sai ƙarfin ya taru a ciki. Na taɓa yin wannan kuskuren da harsashin da wani ɗan kasuwa ya sayar mini ba tare da kwali ba. Ƙarar ta fita daban, makullin ya sassauta, na zauna a kan tudu hannuna yana rawa, ina ta hamdala.

Matashi daga Zuru:
Baba, Allah ya ƙara girma. Ni abin da na koya shi ne girman ƙwayoyin dalma. Na yi ta ɓata naman makwarwa da harsashi mai manyan ƙwayoyi da ake kira BB, sai da na koma mai ƙananan ƙwayoyi, wato lamba 6, na fara kawo tsuntsu gida da kyaunsa.

Maƙeri daga Jega:
Yallabai, ni ba na farauta, amma bindigogin da suka fashe wurina ake kawo su. Sau biyu ana kawo mini bindigar toka da bututunta ya tsage kamar kara, saboda mai ita ya farke harsashin zamani ya juye albarushinsa a ciki. Wannan albarushin marar hayaƙi ƙarfinsa ya wuce abin da bututun toka zai jure, kuma ɗaya daga cikin mutanen biyu ya rasa yatsu biyu na hannun hagu.

Mafarauci daga Yauri:
Na gode, Baba na Argungu. Yanzu na ɗauko tawa na duba a hasken fitila, 12/70 aka buga, kuma a cikin jakata akwai harsashi huɗu masu 76. Na ware su, gobe zan mayar wa wanda ya sayar mini.