Wane rumbun bayanai kuke riƙe kuɗin jama'a da shi?

Sakataren ƙungiyar adashi, Kano: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekara shida muna rubuta zubin mambobi da rancensu a Excel, yanzu lissafin ya yi masa yawa, ga reshe za mu buɗe a Wudil. Mai haɗa mana manhaja ya ce mu zaɓi rumbun bayanai, wato manhajar da za ta riƙe mana lissafin, tsakanin MySQL, PostgreSQL da SQL Server. Don Allah wanda ya taɓa riƙe amanar mutane da ɗayansu ya faɗa mana abin da ya gani da idonsa.

Mai haɗa manhaja, Zariya: Wa alaikumus salam Malam. An taɓa kira na wani shagon sari da lissafinsu ya rikice. MySQL suke amfani da shi, amma yaron da ya fara aikin ya ɗora teburan kan MyISAM, tsohon injin da ba ya ɗaure ciniki ɗaya ya zama dunƙule. Wuta ta ɗauke ana tsakiyar shigar da biya: an rubuta kuɗin sun shiga akwati, bashin kwastoma kuma yana nan ba a rage ba. Kwana biyu muka yi muna bin rasit ɗaya bayan ɗaya, mai shagon har ya fara zargin yaransa. Wannan ne ya fi yi mini ciwo, mutum ya kusa rasa mutuncinsa a banza. Muka mayar da komai kan InnoDB, inda ciniki ko ya shiga gaba ɗaya ko ya fasa gaba ɗaya. Tun fitowar MySQL 5.5 a 2010 InnoDB ne ke zuwa kai tsaye, amma ku sa mai aikinku ya nuna muku.

Akanta, Kaduna: Yaya, ka tambaye shi a wane irin gurbi zai zuba adadin kuɗi. In ya ce FLOAT, kada ka yarda. Kiyasi yake yi, shi ya sa 0.1 da 0.2 ba sa ba da 0.3 cif. Mu a ƙarshen wata kobo kaɗan suka riƙa ɓacewa, ba mai sata, ba kuma mai iya bayani. DECIMAL ko NUMERIC ake sa wa kuɗi, duk ukun suna da shi.

Hajiya mai shagon magani, Maraɗi: Mu SQL Server Express na 2019 muke da shi, kyauta ne, bai taɓa ba mu matsala ba. Iyakarsa gigabait 10, kuma har yau ba mu kai rabi ba.

Tsohon ma'aikacin banki, Abuja: Na yi shekaru kan Oracle, wani rumbun bayanan daban, kuma ina ganin girmansa, amma lasisinsa da dala ake biya, gwargwadon ƙarfin na'urar. Ba na ƙungiyar adashi ba ne. Ni PostgreSQL zan ce, ba kuɗin lasisi, kuma yana rubuta kowane canji a kundinsa kafin ya taɓa tebur. In ana adana kundin nan, za a iya komawa daidai mintin da ya gabaci kuskure. Sai dai Malam, kwafin ajiyar da ba a taɓa gwada dawo da shi ba, kada ka dogara da shi. Ku gwada duk wata a wata kwamfutar daban.

Sakataren ƙungiyar adashi, Kano: Allah ya saka da alheri. Gobe zan zauna da mai haɗa mana manhajar kan maganar DECIMAL da gwajin kwafin. Hajiya, ku a ina kuke ajiye naku kwafin, a shagon ko a gida?