Tafin ƙafar karnukana na tsagewa in mun hau dutse, mene ne mafita?

Salamu alaikum jama'a, don Allah mafarauta da masu kiwon karnuka ku taimaka min da shawara. Ni a wajen Riruwai nake, ƙaramar hukumar Doguwa, in an shiga kaka an yanke gero mukan hau duwatsun nan da karnukana, to bana abin ya gagare ni wallahi.

Hawan ba matsala, gangarowa ce masifar, dutsen ya ɗau zafin rana ga santsi ga tsakuwa, sai su riƙa turjewa suna zamewa har tafin ƙafarsu ya tsage, karyar ma jini take yi tana ɗingishi. Ga ƙarangiya da ke shiga tsakanin yatsunsu, kaska kuwa cike da kunne.

Na shafa musu man kaɗanya, nan take suka lashe. Na ɗaure da tsumma suka yage shi. Na koma fita da asuba kafin dutse ya gasu, ina riƙe musu ruwa a jarka, duk da haka tsagar ta ƙi haɗewa, kuma likitan dabbobi ya yi mana nisa.

Me kuke sa musu wanda ba sa lashewa? Kuma in hutar da karyar har ta warke ne, ko tafin yana ƙara tauri in ana fita?