Wai átomo ne zarra, ko ba shi ba ne?

Mai Koyon Sifaniyanci: Jama'a, yau raina a ɓace yake. Wata takwas ina fama da harshen nan, sai ga malamarmu ta soke min amsa da jan biro don na rubuta atomo ban ɗora ɗan karan nan a kan harafin a ba. Wai duk kalmar da nauyinta ya faɗa kan gaɓa ta uku daga ƙarshe, dole a sa mata alamar: átomo. Jimlata kuwa lafiya lau: no tiene ni un átomo de vergüenza, wato ba shi da kunya ko ƙwayar zarra. A kan ɗan kara ɗaya a zubar min da maki biyar?

Bazazzagi: Tsaya tukuna, wa ya ce maka átomo zarra ce? Zarra a Larabci 'yar ƙaramar tururuwa ce, ko ƙurar da kake gani tana yawo idan hasken rana ya shigo ta taga. Átomo daga Girkanci ya fito, ma'anarsa abin da ba ya yankuwa.

Uwar Biyu: Haba Malam! Har a rediyo ƙwayar zarra ake cewa. Kakata ma in ta ce ba ka da tausayi ko ƙwayar zarra, abin da Sifaniyawan ke nufi kenan.

Ɗan Kurmi: Ai daga wajenmu suka ɗauka. Musulmi sun yi mulki a Andalus, wato yankin Sifaniya, daga 711 har 1492. Ku dubi azúcar, sukari ne.

Bazazzagi: Azúcar na yarda daga Larabci yake. Átomo kam a'a, Dimokiritas, masanin falsafa na Girka, ya yi maganarsa tun ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa.

Bamaraɗe: Mu da Faransanci atome muke rubutawa, babu wani kara. Ku Turancin Ingila ne ya sangarta ku, shi ya sa alama ɗaya ke firgita ku.

Ɗan Kurmi: Wa ya sako Nijar a zancen nan?

Bamaraɗe: Ikon Allah, Hausar taku ce ku kaɗai?

Uwar Biyu: Malam, ka ce ba ya yankuwa, ai an fasa shi a Jamus a 1938. In sunan Girkawan bai faɗi ba duk da haka, me zai ka da zarra?

Mai Koyon Sifaniyanci: Don Allah, maki biyar ɗina fa?

Shugaban Zaure: Zan rufe nan. Abin da na fahimta, kowa ya amince zarra ce fassarar da ta dace, kuma hujjar Yaya Uwar Biyu babu wanda ya iya tankawa. Malam Bazazzagi ya kawo tarihi, mun gode, amma ba tururuwa aka tambaya ba. Ƙanena, gobe ka ɗora karan.