Maser ta rasu: don Allah ta koyar da mu, ko tarko ne?

Maman Biyu (Yantala): Assalamu alaikum 'yan ajinmu. Labari mara daɗi ya iso ni da safen nan. Maser ɗinmu, sistar cocin Katolika da ta koyar da mu a CM2, ajin ƙarshe na firamare a lakwal ɗin mishan, ta rasu daren jiya a Burkina, a gidan tsofaffin maser 'yan'uwanta inda ta koma tun da ƙafa ta gaza mata. Ranar Asabar za a yi mata addu'a a coci nan Yamai. Ina ganin ya kamata mu je mu yi wa sauran maser gaisuwa, mu kuma haɗa abin da ya sawwaƙa, ko jika bibbiyu, a sayi kaye, wato littafin rubutu, da alli a kai wa yaran ajin da ta riƙe.

Ɗan Adar (Tawa): Wa alaikumus salam Hajiya. Mutuwa ba ta yi wa kowa daɗi, amma zan faɗi abin da ke raina ko za a ji haushina. Ni ban yarda matar nan don Allah ta koyar da mu ba. Turo ta aka yi, kuma wanda ya turo ta ya san abin da yake nema. Masunci ba don ƙaunar kifi yake sa tana a ƙugiya ba. Karatun shi ne tanar, addininsu shi ne ƙugiyar.

Maman Biyu: Haba Alhaji. Ko kabarinta bai bushe ba.

Ɗan Adar: Ban zage ta ba Hajiya. Kuɗi kika ce a haɗa, ni kuma ina da haƙƙin in san a kan me.

Mushe (Lazare): Ɗan'uwa, in ƙugiya ce, nuna mini kifin. Mun fi arba'in a ajin nan. Waɗanda suka shigo Kiristoci sun fita Kiristoci, mu da muka shigo da salla mun fita da sallarmu, wa ka sani da ya sauya? Tun 1931 mishan ɗin Katolika ya zauna a Yamai, an kusa cika shekara ɗari ke nan. Da aka yi ƙidayar 2012, Kiristocin Nijar gaba ɗaya, Katolika da sauran, ba su kai ɗaya cikin ɗari ba. Masuncin da ya yi wannan daɗewa a bakin kogi bai cika ko ƙwarya ba, da kifi ne ya kawo shi, da tuni ya naɗe komarsa.

Ɗan Adar: Mushe, kai lissafin kawuna kake yi, ni zancen zuciya nake. Ba sai an yi wa yaro wankan coci ne aka kama shi ba. Shekara shida ina ɗaga kai ina ganin gicciye a saman allo. Wata rana a gida ina wanke kwanona ina rera wata waƙar Kirsimeti da na tsinta a bakin 'yan ajinmu, ban ma san me nake cewa ba. Kakana yana alwala ya ji. Bai buge ni ba, ya dai ajiye butar ya yi shiru, kuma har ya rasu ban manta da fuskar nan ba. Ina CM1, ajin da ke kafin CM2, na bar makarantar allo saboda aikin gida da ake lafta mana. Faransanci ya zauna mini a baki tun ina ɗan shekara 12, Alƙur'ani kuwa sai da na haura 40 na sauke, ina jin kunya a gaban yaran da na haifa. Wannan ba asara ba ce? Wa ya ci ribarta?

Mushe: Wannan ciwon na san shi, ni ma na ɗanɗana. Amma 'ya'yan lakwal ɗin gwamnati ma haka suka bar allo, ba gicciye ba maser. Laifin yadda aka tsara boko ne tun zamanin Faransa, da iyayenmu da suka ɗauka dole sai an zaɓi ɗaya.

Maman Biyu: Alhaji, bari in ba ka nawa, tunda ka ba da naka. Ku maza ba ku san wannan ba don ban taɓa faɗa ba. Muna tsakiyar CM2 aka kawo goron tambayata, baffana ya karɓa. Shekarata 13. Kwana uku ban zo lakwal ba. Ran na huɗu bayan la'asar sai ga ƙarar mobilet a ƙofar gidanmu a Bukoki. Maser ce, da farin ɗankwalinta duk ya yi ja da ƙura. Ta cire takalmi a bakin zaure, aka nuna mata kujera ta ƙi, ta zauna a gefen tabarma kamar yadda mace ke zama gaban manya. Ina laɓe bayan zana ina ji. Da gurguwar Hausarta ta gaida babana, ta tambayi gida, ta tambayi gajiya, sannan ta fiddo kayena na lissafi ta buɗe masa shafi-shafi. Babana bai iya karatun boko ba, jan biron kawai yake kallo. Ya ce an riga an yi magana. Ta yi godiya ta tafi. Washegari ta dawo. Wanshekare ta sake dawowa, wannan karon da limamin unguwarmu, don ta fara zuwa gidansa ta roƙe shi. Ba ta ambaci Yesu ko sau ɗaya ba. Abin da ta nema shi ne a bar ni in zauna jarrabawar sartifika ta gama firamare, in na faɗi a yi yadda aka so. Ban faɗi ba. Yau shekarata 26 ina ungozoma, kuma na san yadda ƙugun yarinya 'yar 14 yake idan naƙuda ta yi kwana biyu, na san warin ɗakin masu yoyon fitsari. A binciken 2012, mata 76 cikin ɗari a ƙasar nan an aurar da su ne kafin su cika 18. Sai a 2017 gwamnati ta fitar da dokar kare karatun 'ya mace. Ita tun ana ganin abin kamar shisshigi take bin zaure-zaure. To ka gaya mini, wace ƙugiya ce ke zuwa da liman?

Ɗan Adar: Allah Ya saka miki Hajiya, ban san wannan ba. Alheri ta yi miki, ban musa ba.

Ɗiyar Dutsi (Wadata): Salamu alaikum. Na yi shiru ne don ni kaɗai ce Kirista a nan, kada a ce ina kare gida. Amma Yaya Mushe, kariyar da kake mata ta fi yi mini ciwo a kan zargin Alhaji. Kana magana kamar addininta wata riga ce da take tuɓewa a ƙofar aji. Ba haka ba ne. Ba don bangaskiyarta ba, da ba ta hau mobilet ɗin nan ba. Mace ba ta zama maser dare ɗaya. Sai ta zauna da sauran maser an gwada ta, sannan ta yi aƙalla shekara guda tana horo, sannan ta ɗauki alkawari na 'yan shekaru ana sabuntawa, kafin ta ɗauki na har abada. Alkawarin uku ne: ba za ta mallaki dukiya ba, ba za ta yi aure ba, kuma inda aka tura ta nan za ta je. Albashinta ba ya shiga aljihunta, asusun gidansu yake shiga. Kafin mu iso lakwal da safe ta riga ta gama addu'arta da asuba, kuma sunayenmu take kira a ciki, har naka Alhaji. A Linjilar Matiyu sura 25 an ce abin da ka yi wa mafi ƙanƙanta, Ubangiji ka yi wa. A wurinta gyaran kayenka ibada ne. Da wani cikinku ya zo ya ce yana son bin addininta, da ta yi murna, ba zan ɓoye muku ba. Amma ba ta sa shi sharaɗi ba. Lokacin darasin addininmu mu kaɗai ake ware wa, ku kuna waje kuna ƙwallo.

Ɗan Adar: To kin gani, ƙanwata, kin faɗa da bakinki. Da ta yi murna. Abin da nake faɗa ke nan tun ɗazu.

Ɗiyar Dutsi: Kai ma in ka ba maƙwabcinka Kirista naman layya, ya zo daga baya ya ce zai musulunta, ba za ka yi murna ba? Naman ya zama tarko ke nan?

Malam na Bukoki: Jama'a, ku bar ni in sa baki, don abubuwa biyu ake cakuɗawa. Niyya aikin zuciya ce, ba wanda aka ba mabuɗin zuciyar wani. Abin da muke da shi a fili: Suratul Ma'ida aya ta 82 ta ambaci cewa cikin Nasara akwai malamai da masu tsananta ibada, kuma ba su da girman kai. Suratul Hadid aya ta 27 kuma ta ce ƙaurace wa duniya irin nasu su suka ƙirƙiro shi, ba a wajabta musu ba. Saboda haka ba za mu yaba rashin aurenta a matsayin hanya ba, aure sunna ne a wurinmu. Amma Suratul Mumtahana aya ta 8 ba ta hana mu kyautata wa wanda bai yaƙe mu ba, kuma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wanda bai gode wa mutane ba bai gode wa Allah ba. An wuce da gawar Bayahude ya miƙe tsaye, da aka yi masa magana ya ce ai rai ne. Gaisuwa ga 'yan'uwanta da sayen kaye ba laifi. Nema mata gafara da shiga cikin ibadarsu, wannan ne ba za mu yi ba, Suratut Tauba aya ta 113 ta rufe ƙofar. Ƙanwata ki yi haƙuri, addini ne.

Ɗiyar Dutsi: Na sani Malam, ba na jin haushi. Ita ma ta sani. Da azumi ba ta taɓa shan ruwa a gabanku ba, ko a watan Afrilu.

Mushe: Ni abin da ke hana ni barci daban ne. Ranar 16 ga Janairun 2015 a Damagaram, washegari a nan Yamai, aka ƙone coci-coci saboda zanen ɓatanci da wata jarida ta yi a Faransa, mutum goma suka mutu. Har makarantar mishan ta Damagaram wutar ta ci, alhali 'ya'yan Musulmi ne suka cika ta. Kalmar nan ta tarko ita ce nake ji a bakin samari ran nan. Shi ya sa nake tsoronta ɗan'uwa, ba don na ɗauke ka irinsu ba.

Ɗan Adar: Wallahi ran nan kuka na yi. Kada ka haɗa ni da su Mushe.

Mushe: Ban haɗa ba. Kuma duba Maser Marie-Catherine Kingbo, 'yar Senegal da ta zo Maraɗi a 2006 ta kafa ƙungiyarta, ta buɗe makaranta a Tibiri. Limamai da masu gari take tarawa su zauna a kan auren wuri, har ta rasu a 2021. Waɗannan limaman ba yara ba ne da za a yaudara da alewa.

Ɗan Adar: Na ji. Amma ban janye ba: wanda ya gina makaranta yana da abin da yake so ɗa ya zama, ko ya faɗa ko bai faɗa ba. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne mu masu yawa, masu zakka, muka bar wa baƙuwa zaman zauren baban Hajiya. Kuma yau lakwal ɗin mishan sai mai kuɗi, ɗiyar talaka ba ta ko leƙa ta.

Maman Biyu: Kuɗin kam ya yi tsada, gaskiyarka. A lokacinmu ma akwai waɗanda ba su biya ba, ni ce ɗaya bayan babana ya zare hannunsa. Har yau ban san daga ina ta samo ba.

Ɗan Adar: To ga nawa. Zan turo jika ashirin ta kamfanin aika kuɗi na Nita gobe, amma ba na kaye da alli ba. A nemi yarinya ɗaya da ubanta ya gaza, a rage mata kuɗin shekara, a kuma tabbatar tana zuwa allo da yamma. Coci kuwa ba zan shiga ba.

Ɗiyar Dutsi: Ba sai ka shiga ba Yaya. Ana gama addu'a wajen ƙarfe 11, sauran maser za su zauna a tsakar gidansu ƙarƙashin bedi suna karɓar gaisuwa. Akwai tabarmi.

Malam na Bukoki: Ni zan zo nan ɗin, in sha Allahu.

Maman Biyu: Zan taho da kayen lissafin nan, yana cikin akwatina har yanzu. Alhaji, motar Tawa ta safiyar Juma'a tana isowa kafin magariba, in ka sake shawara ɗakin baƙinmu a buɗe yake.