"Kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba": wa take yi wa shaguɓe?

Ɗan Fagge: Assalamu alaikum. Jama'a, ga wata mu warware. Da zarar mutum ya ce wasannin talabijin da finafinan zamanin yarintarmu sun fi na yanzu, sai a jefa masa "kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba." Shin gaskata shi ake yi cewa bana ta lalace, ko shaguɓe ake yi masa?

Malam Na Gwammaja: Wa alaikumus salam. A fahimtata maganar manoma ce. Wanda rumbunsa ya cika bana ba ya zama yana lissafin damunar bara. Amma ku lura, ko kaɗan ba ta ce bara ta yi kyau ba. Halin da mai maganar yake ciki yau kawai ta tona.

Hajiya Ta Yakasai: Malam, ni dai ba za a rufe min baki da ita ba. Wasannin da muka kalla a CTV 67, wadda yanzu ake kira ARTV, da NTA Kano, Hausa ce tsantsa a bakin 'yan wasan, ba rawa ba waƙa, kuma za ka zauna da surukarka ku kalla ba ka sunkuyar da kai ba. Da tsohuwar zuma ake magani.

Ɗan Fagge: Hajiya, a gafarce ni, kin sake kallon wani kwanan nan? Akwai su a YouTube. Makirfo na leƙowa daga sama, murya ta ɗauke ta dawo, baƙo ya yi sallama a nuna shi yana cire takalmi, a yi ta gaisuwa har ka manta abin da ya kawo shi. Finafinan bidiyo na farko-farko ma, tun daga Turmin Danya a 1990, da kayan aiki kaɗan aka yi su. In an harbi mutum, jinin sak zoɓo.

Baban Halifa: Hahaha! Mu da muka riƙa satar hanya zuwa gidajen sinima na Plaza da Marhaba da Orion a Kano fa? Indiyanci ko kalma ɗaya ba ma ji, amma in an tashi kowa ya ba ka labari tiryan-tiryan, kuma na kowa daban. Fim ɗin Chana kuwa baki na motsi daban, murya na fita daban, muna ihu ana dukan bos. Gaskiya abin da nake kewa ba fim ɗin ba ne. Talabijin ɗaya ce a layinmu, sai yamma ake buɗe tasha, sai ka wanke ƙafa kafin matar gidan ta bari ka zauna a tabarma, ana tsaka da kallo NEPA ta ɗauke wuta, duk unguwa ta ɗauki salati. Yau kowa da wayarsa, kowa a ɗakinsa.

Hajiya Ta Yakasai: To ai ka faɗa da bakinka, an yi asarar wani abu. Kai kuma Ɗan Fagge, kayan aiki daban, basira daban. Ba wa mutanen can kyamarar yau ka gani.

Malam Na Gwammaja: Hajiya, zumarki ina da ja a kanta. Ita ana ajiye ta ne don an san mai kyau ce. Lokacin da kasuwar kaset ke ci a Ƙofar Wambai, kusan kowane mako sababbi ke fitowa, mu yi haya mu kalla mu mayar. Nawa kike iya tunawa? 'Yan ƙalilan masu kyau suka maƙale a zuciya, tarkacen ya bi ruwa. Sai mu ɗauki zaɓaɓɓun da, mu gwada da duk shirmen yau. Wannan awo ba adalci.

Sannan batun amfani da karin maganar bara da bana: ni na fi jin dattawa suna faɗa wa kansu, bayan sun gama labarin da, kamar mai amsa cewa yau ta yi masa tsauri. Yaro ya jefa wa babba, rashin kunya ne.

Auta: Ni da aka haifa bayan 2000, a fassarar Indiya-Hausa na tashi, kuma wallahi har na fara jin sa'o'ina suna cewa ta da ta fi ta yanzu.

Hajiya Ta Yakasai: Auta, kai ma har kana da bara? Ɗan Fagge, turo min wanda ka ce makirfo na leƙowa, in gani da idona.